Muhawara: a ba da aron tsofaffin kayan tarihi zuwa wata ƙasa, ko a bar su inda suke?

Lawali Birni:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ga wata magana da ake ta ja-in-ja a kanta tsakanin Faransa da Ingila, na ga kamar ta shafe mu. A garin Bayeux na yankin Normandi akwai wani dogon ƙyallen lilin da aka yi wa ɗinkin hannu da zaren ulu tun ƙarni na 11. Tsawonsa ya kusa mita 70, faɗinsa kamar santimita 50, kuma labarin yaƙin 1066 ne a jikinsa, lokacin da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila. A watan Yulin 2025 shugaban Faransa Makron ya sanar cewa za a ba gidan tarihin Birtaniya da ke Landan aronsa, a nuna shi daga Satumban 2026 zuwa Yulin 2027, su kuma Ingilishi su aiko da nasu kayan. Dubban mutane sun sa hannu a takardar ƙin amincewa, masu gyaran tsofaffin tufafi na cewa ba zai jure tafiya ba. To mu ɗauko ta zuwa gida: in gobe wata ƙasa ta nemi aron tambari ko lifidi ko tsohon Alƙur'ani rubutun hannu daga Damagaram, a ba ta?

Abdu Zango:
Wa alaikumus salam. Ni dariya ma abin ya ba ni. Ƙyalle ɗaya zai haye ruwa ya dawo sun tada hankalin duniya. Rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ya ce akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara kusan 90,000 a gidajen tarihin Faransa, wajen 70,000 a gidan tarihin Ke Branli da ke Pari kaɗai. Waɗannan a jirgin ruwa da bayan raƙumi da kan ƴan dako suka tafi, ba wanda ya ce suna da rauni. Sai an ce a maido su raunin ke tashi.

Hajiya Mariyama:
Abdu ƙanena, fushinka na kan hanya, amma kada ya rufe maka ido ga ƙyallen. Raunin nan na gaske ne. Binciken da aka yi masa a 2020 ya ƙirga tabo sama da 24,000, ramuka da wuraren da zare ya ɓace sama da 9,600, da yagewa 30. Lilin da ya kusa shekara dubu ya daina miƙewa, karyewa yake. Kuma ba haske ne babban abin tsoro a nan ba, don daga 1983 har 2025 yana rataye ana kallonsa a Bayeux. Abin tsoro shi ne hannu da hanya. Duk ɗagawa, duk ninkewa, duk jijjigar mota, zaren ulu mai nauyi yana jan lilin ɗin da ke ƙarƙashinsa, ƙaramin rami ya zama babba. Kuma a lissafa: fiddawa, shiryawa, buɗewa a Landan, shimfiɗawa, sake shiryawa, sake buɗewa a gida. Sau shida ke nan aƙalla da hannaye da yawa za su taɓa mita 70 a lokaci guda.

Mushe Sani:
Hajiya, a ƙara da cewa gidan tarihin Bayeux ɗin an rufe shi tun Satumban 2025 don sabon gini, ko da aro ko babu sai an sauke ƙyallen daga inda yake. Masu goyon bayan aron da wannan suke kafa hujja. Ya kuma taɓa barin garin: Napoleyon ya kai shi Pari a 1803, an sake kai shi can a 1944.

Hajiya Mariyama:
Haka ne Mushe. Sai dai matsar da shi zuwa ma'ajiya a cikin gari ɗaya daban, ɗaruruwan kilomita daban. Kuma tafiyar 1803 ƙyallen ya fi na yau ƙuruciya da shekara 200 da ɗoriya.

Malam Isuhu:
Ku bar mini Bayeux haka, ku zo kan tambayar Lawali, don a nan ne mutane ke kuskure. Kowa tunaninsa faɗuwa da sata. Ga kayanmu na Damagaram babban maƙiyi canjin laimar iska ne. Da hunturu laima a nan kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a tsakiyar damina ta haura 60. Amma a hankali take hawa da sauka, cikin makonni, kuma ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana ƙara rage mata gudu. Itace da fata da takarda sun saba da wannan numfashi. Gidajen tarihin Turai kuwa suna riƙe ɗakunansu wajen kashi 50, zafi wajen digiri 20, dare da rana. Ka ɗauki tambari a watan Fabrairu ka ajiye shi can: icen ya sha laima ya kumbura, fatar ta saki, tsirkiyar ta yi sako-sako. Wannan bai cika kashe shi ba. Dawowar ce ke kashewa. Bayan wata goma ya saba da 50, ka sauke shi cikin iskar bazara, fatar ta tsuke cikin kwana biyu, icen bai bi ta da sauri ɗaya ba, sai tsagewa daga baki, ko fata ta yage daidai ramukan ɗauri.

Saboda haka sharaɗin farko a takardar aro shi ne kada a yarda da ma'aunin mai karɓa. A ajiye ƙaramar na'urar auna zafi da laima kusa da abin a ɗakinsa har shekara guda cif, tana rubutawa duk awa. Abin da ta nuna shi za a rubuta musu: ku riƙe mana akwatin gilashinsa a kashi 30 zuwa 35, misali. Suna iyawa. Akwati ne mai rufuwa ruf, a sa ƙwayoyin silika da aka riga aka daidaita a wannan ma'auni a aljihun ƙasansa, kamar kilo 20 ga kowace mita kubik (mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi) ta cikin akwatin.

Abin da ya sami littattafan Tumbutu ya ishe mu. An kwashe su zuwa Bamako a 2012 da 2013 don tsira daga masu bindiga, sun tsira, sai aka shiga yaƙi da laimar Bamako da funfuna, har sai da aka nemo injinan tsotse danshi.

Ali Baduku:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi gaskiya kan fata, bari in ƙara. Jimar bagaruwa tana da ƙarko, shi ya sa masu ɗaurin littafi a Turai suka daɗe suna neman fatar jar akuyar ƙasar Hausa. Inda take mutuwa wuri biyu ne. Na farko baƙin da aka yi da ruwan ƙarfe, wanda muke zane da shi a gafaka da kube da matashi: ƙarfen na ci gaba da cin fatar, laima na ƙara masa ƙarfi, shi ya sa a tsohuwar gafaka za ka ga baƙin layin ne ya fara tsagewa, jan yana nan garau. Na biyu lanƙwasa. Marfin gafaka da ya shekara tamanin a rufe, kada wani ya buɗe shi ya danne don baƙi su ga ciki. Kuma don Allah kada a shafa mai. Wasu in za su fidda tsohuwar fata sai su goga man kaɗanya ko na gyaɗa ta yi ƙyalli. Mai na jan ƙura, yana baƙanta fata, yana kiran ƙwari, kuma ba ya fita.

Alhaji Mamman tiranzite:
Ku kuna maganar ɗakin Turai, ni hanyar nake kallo. Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Maraɗi, Ƙonni, Dogonduci, Doso. Kamyon da masu wannan aiki ke so shi ne mai matashin iska a ƙafafu da kilim a bayansa. In babu shi, akwatin ne zai ɗauki dukan, don haka a yi shi biyu. Na ciki a yanka masa soson roba marar sinadari daidai siffar abin, ya zauna ba motsi. Na waje a yi shi da falanki mai kauri, irin na kamfani da ake manne falle-falle, tsakaninsu soso mai kaurin santimita 5 zuwa 10 a kusurwoyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika soso ko'ina. Soso sai ya ɗan nutse yake shanye duka. In abin ba shi da nauyi kuma soson ya yi yawa, ba ya nutsewa, duk ramin da taya ta faɗa abin zai ji shi kai tsaye. A rufe da noti mai warwaruwa, ba ƙusa da guduma ba. A shafa farin fenti. Katakon da ba irin wannan falankin ba sai da hatimin da ke nuna an gasa shi, zafin cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, in ba haka ba a tsare akwatin a can saboda ƙwari.

Sai duwan. Wannan ita ce masifar da ba a rubutawa a littafi. Duk wahalar Malam Isuhu ta daidaita laima, minti biyar na buɗe akwati a bakin gudro cikin ƙura sun rushe ta. A kira jami'an duwan su duba a ɗakin da ake shiryawa, su ɗaura hatimin darma a gabanka, takardar ta bi mota, mai rakiya kuma ya zauna kusa da direba. A filin jirgi kada a yarda akwati ya jira a fili da rana a watan Afrilu. In an isa, a bar shi a rufe awa 24 a ɗakin da za a buɗe shi.

Lawali Birni:
Alhaji, duk wannan wa ke biya?

Alhaji Mamman tiranzite:
Mai aro. Akwati, mota, jirgi, asirans, kuɗin mai rakiya da masaukinsa, zuwa da dawowa. Wanda ya fara cewa a raba kuɗi bai shirya ba.

Abdu Zango:
Duk na ji. Amma ku dubi Gana. Turawan Ingila sun kwashe zinariyar Asante a Kumasi a 1874. A 2024 suka kawo guda 32, 15 daga gidan tarihin Birtaniya, 17 daga na Biktoriya da Albat, wai aro na shekara uku, ana iya ƙara uku. A ara maka kayan kakanka! Zanen aro ba ya rufe katara. Habasha ta ƙi irin wannan tayin kan kayan Makdala da aka kwashe a 1868, kuma ni a wurina ita ta yi daidai.

Habsatu:
Yaya Abdu, a raba abubuwa biyu. Akwai aron abin da ba a jayayya kan mai shi, kamar ƙyallen Bayeux ko tambarin Fada. Akwai kuma aron abin da aka ƙwace. Na biyun dabara ce ta kewaye doka: dokar 1963 ta hana gidan tarihin Birtaniya fidda kaya daga hannunsa sai a ƴan yanayi kaɗan, shi ya sa suka ce aro. Ka lura kuma da Asantehene, wato sarkin Asante, Osei Tutu na biyu aka ƙulla yarjejeniyar, ba da gwamnatin Gana ba. A shekarar dai gidan tarihin Fowler na Amurka ya maido guda 7 kyauta ba aro ba, don ba dokar da ta ɗaure shi. Kuma aro ya taɓa zama ƙofa. Takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal an miƙa shi ga Senegal a Nuwamban 2019 da sunan ajiya ta shekara biyar, sai majalisar Faransa ta yi doka a Disamban 2020 ta mallaka musu shi, dokar da ta ba Benin kayan Abome 26 da suka isa Kwatano a Nuwamban 2021. Haɗarin yana cikin layi ɗaya: in takardar ta sa ka amsa cewa mai ba da aron shi ne mai abin, ka raunana ƙararka ta gobe. Lauyan da ya san aikinsa zai sa a rubuta cewa karɓar aron bai taɓa maganar mallaka ba.

Abdu Zango:
Takarda dai takarda ce, Habsatu. Ranar da wa'adi ya cika kuma mutanen Kumasi suka ga ana sake sa zinariyar a akwati, wane layi zai lallashe su?

Habsatu:
Babu. Amma yaran da suka gan ta da idonsu a Manhiya, fadar sarkin Asante, ba za su bar maganar ta mutu ba. Kai kana ganin aro na kashe ƙara, ni ina ganin yana hura ta.

Mushe Sani:
Akwai wata ɓarnar da ba a jikin abin da aka ara take faruwa ba, kuma mu a Nijar mun ɗanɗana. An gano wurin Bura a yankin Tera a 1975, Bube Gado na IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, ya yi haƙa a 1983, aka fito da tukwanen binne mutane da kawunan yumɓu da wani mahayin doki na yumɓu. A 1993 aka buɗe baje kolin kwarin kogin Kwara a Pari, daga baya ya zagaya ƙasashen Afirka ta yamma. Duniya ta ga Bura, dillalai ma suka gani. Shekarun da suka biyo baya aka yi ta tone wuraren da dare ana fitar da kaya, har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jan jerin abubuwan Afirka da ake wawashewa. Abin da aka tone ba tare da an rubuta zurfinsa da abin da ke kewaye da shi ba, tarihinsa ya tafi ko da an kamo shi. Don haka kafin a nuna wani nau'in kaya a waje, a fara tambaya: inda ƴan'uwansa suke, akwai mai gadi? Dokar 1997 ta kare kayan gado tana nan, amma doka ba ta kwana a daji.

Hajiya Mariyama:
Na koma kan tufafi, don Fada da gidajen sarauta su suka fi yawa a hannunsu. Riga mai aska ko alkyabba ba a rataye ta wata da watanni, nauyin ɗinkin ke yaga kafaɗa. A kwantar da ita, duk inda dole a ninke a cusa takarda marar asid da aka murɗa don kada ninkin ya yi kaifi. Rawani da zane a naɗe su a bututu mai faɗin santimita 10 ko fiye, fuskar ado tana waje. Baƙin da aka buga da shuni har ya yi ƙyalli kuwa, ƙyallin a saman zare yake zaune, yatsa ɗaya ya goga ya tafi ke nan. Lifidi ya fi duka wuya: abin da aka cusa a ciki ya riga ya zama gari a wasu layukan, jijjigar kilomita 900 za ta tara shi a ƙasa, sama ta zama fanko. Ni lifidin da ya tsufa ba zan sa hannu ya fita ba ko wa ya nema.

Haske kuma lissafi ne. Ƙa'idar tufafi da takarda lukus 50, wato ma'aunin ƙarfin haske, kuma da yawa suna bin wata uku a nuna, shekara uku a huta. Lukus 50 sau awa 8 a rana har kwana 90 ya ba da lukus-awa 36,000. Alharini mai ja shi ke fara koɗewa, shuni ya fi jurewa. Abin da haske ya ci ba ya dawowa ko an mayar da rigar duhu.

Ali Baduku:
Hajiya, asu da gara fa? Kafin tafiya ba a fesa magani?

Hajiya Mariyama:
A'a Ali, ba a fesa komai. Tufa zalla a nannaɗe ta a leda a fidda iska, a sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri har mako guda, a bar ta ta huce a cikin ledar kafin a buɗe. Sai an tabbata kuran ba zai yanke ba, don sanyi rabi-rabi ƙwai ba ya kashewa. Tambari da duk abin da ya haɗa ice da fata da ƙarfe ba a daskarar da shi. Shi jaka ake rufe shi ciki a cire iskar shaƙa har ta koma ƙasa da kashi 0.3, ya yi mako uku. Wannan ma ya shafi kayan da muke so a maido mana: a da gidajen tarihin Turai da arsenik da DDT suke kashe ƙwari, gubar na nan a jiki. Algaitar da ta dawo daga can ba a kai ta baki sai an gwada.

Lawali Birni:
Ga wani gefen da ba a taɓo ba. Kayan Fada ba matattu ba ne. Tambura da kakaki suna fita da sallah. Aron wata goma zai iya cinye sallah biyu.

Mushe Sani:
Shi ya sa kwafi ba abin kunya ba ne. Raƙuman dawan Dabus da ke sassaƙe a dutse arewa da Agadas, babban ya haura mita 5, ba mai ɗaga su. A 1999 aka ɗauki zubinsu, aka yi kwafi da alminiyam, ɗaya na filin jirgin Agadas. Mu kuma muna da wata sa'a: masu sana'ar na raye. A sa maƙera su ƙera kakaki, dukawa su yi gafaka, maɗinka su yi lifidi, a aika sabon da hotunan tsohon. Kuɗin ya shiga Birni da Zango.

Habsatu:
In kuma an yanke a aika na asali, a karanta asirans da kyau. Ta fara daga lokacin da aka ɗaga abin daga mazauninsa har a mayar da shi, da ƙimar da aka amince a rubuce tun farko. Yawanci ba ta biyan yaƙi, ba ta kuma biyan lalacewar da ta taso daga tsufan abin kansa, kuma nan ne gardama ke tashi: tsagewar nan sabuwa ce ko da ma tana nan? Abin da ke raba gardamar takardar bayanin hali ce, mai hoton kowane gefe, a sa mata hannu sau huɗu: kafin fita, da isa, kafin dawowa, da dawowa. A nemi kuma takardar gwamnatin ƙasar cewa ba kotun da za ta riƙe abin saboda wani bashi ko ƙara. Ko manyan gidaje abu na samunsu. A Disamban 2017 a Filadelfiya wani ɗan biki ya karye babban yatsan ɗaya daga sojojin yumɓun da Sin ta ba da aro, ya sa a aljihu, sai bayan makonni aka lura.

Abdu Zango:
Ni dai ban sauka ba. Kada tsinke ya fita sai nasu ya fara shigowa.

Malam Isuhu:
Riƙe ra'ayinka Abdu, amma ko don kada ya fita a ɓoye sai an rubuta shi. Ga littattafai aikin ya fi gaggawa, don namu ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke tsakanin kwali biyu cikin gafaka. A zare goma daga tsakiya ba mai sani. Kafin littafi ya bar ɗaki ko zuwa Yamai ne, a ƙirga warƙoƙin, a sa wa kowace lamba da fensir mai laushi a kusurwar sama, ba biro ba. A duba kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi ta dace da farkon na gaba, inda ba ta dace ba a rubuta cewa akwai giɓi. A ɗaga takarda a haske a rubuta alamar ruwan da ke cikinta, da yawa za ku ga jinjirin wata uku na takardar Italiya. A ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya da ma'auni a gefe. Tawadar gawayi da ƙaro a saman takarda take, danshi kaɗan ke sa ta manne da shafin da ke fuskantarta, don haka hannu a wanke shi ya bushe sarai kafin a taɓa. Rajistar a yi ta uku, ɗaya wurin mai littafin, ɗaya a gidan tarihin jiha, ɗaya a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH a Yamai.